Batirin sabuwar motata ta lantarki yana zubewa lokaci guda: garanti zai biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Wata bakwai ke nan da na sayi sabuwar mota mai aiki da lantarki, a nan Sakkwato nake hawanta, daga Arkilla zuwa kasuwa, wani lokaci Birnin Kebbi. Da farko lafiya lau. Yanzu da caji ya sauko wajen kashi 30 sai ya zube lokaci guda zuwa 5 ko 6, hoton kunkuru ya fito a allo, motar ta ƙi jan gudu. Dilan da ya sayar mini ya ce zafin garinmu ne da janareton da nake caji da shi, wai garanti bai shafi irin wannan ba. Wani mai gyaran batirin sola kuma ya ce in kawo ya buɗe ya canja abin da ya mutu. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sauwaƙe. Kafin komai, kada ka bari a kwance ko ƙusa ɗaya a jikin batirin nan. Ka gode wa mai gyaran sola, ka ce ya dakata. Ranar da wanda ba kamfani ya ba izini ba ya ɓalle murfin, ranar garantinka ya mutu, ko da kuwa laifin nasu ne tun daga masana'anta. Ga kuma haɗarin rai: batirin sola na gida yawanci bolt 48 ne, na mota kuwa yana kai bolt 400, wasu ma 800. Wayoyin nan masu ruwan lemo da kake gani a ƙarƙashin bonet, launin gargaɗi ne aka ba su.

Alamun da ka faɗa ba su yi kama da aikin zafi ba. Bari in nuna maka dalili, domin da shi za ka tsaya gaban dila.

Abin da muke kira batirin mota ba abu ɗaya ba ne. Akwati ne cike da ƙananan ƙwayoyin batir da aka jona a jere, kowace ƙarfinta wajen bolt uku zuwa huɗu ne. Hyundai Kona mai batirin kilowat-awa 64, alal misali, ƙwayoyi 294 ne a cikinta, an haɗa su uku-uku an jera rukuni 98. Akwai ƙaramar kwamfuta da aikinta shi ne ta riƙa auna kowane rukuni dare da rana. Dokarta ita ce kada ko ɗaya ya sauka ƙasa da iyaka, kada ya hau sama da iyaka. Kamar ayarin raƙuma ne da aka ɗaure da igiya ɗaya: idan guda ya durƙusa, duk ayarin ya tsaya, ko da sauran ba su gaji ba. To idan rukuni ɗaya ya raunana, shi zai riga sauran ƙarewa. Allo yana nuna maka kashi 30 domin lissafin yawancin ƙwayoyin ke nan, sai mai raunin ya faɗi, kwamfutar ta farga, ta zubar da lissafin zuwa 5, ta rage wa motar ƙarfi don kada a ƙarasa shi. Kunkurun da ka gani ke nan.

Zafi yana cin batir, babu musu, kuma mu a nan da ma'auni ke wuce digiri 40 daga Maris zuwa Mayu ba mu da bakin cewa bai shafe mu ba. Amma zafi duk ƙwayoyin yake ci tare, a hankali, shekara bayan shekara. Abin da mai mota zai gani shi ne tafiyar da caji ɗaya ke yi masa tana raguwa kaɗan-kaɗan. Kamfanin Geotab, wanda ke tattara bayanan motoci masu yawa, ya fitar a 2024 cewa matsakaicin abin da batir ke rasawa a shekara kusan kashi 1.8 ne cikin 100. A wuri mai zafi ya fi haka. An gani a 2012 a birnin Phoenix na Amurka, inda masu Nissan Leaf suka koka da saurin tsufan batirinsu, domin ita Leaf ta wancan lokacin ba ta da ruwan sanyaya batir, iska kawai ta dogara da ita. Ko su ɗin, raguwa suka gani, ba faɗuwa lokaci guda ba. Zafin Sakkwato ba ya shiga akwati ya zaɓi ƙwaya ɗaya cikin ɗaruruwa ya kashe ta a wata bakwai. Idan ɗaya ta fita daban da 'yan'uwanta a sabuwar mota, mafi yawan lokaci da cutarta aka fito da ita daga masana'anta.

Wannan ba zato nake yi ba, manyan kamfanoni sun amsa irin laifin nan da bakinsu. A 2021 General Motors ya janye duk Chevrolet Bolt da ya ƙera daga samfurin 2017 zuwa na 2022, motoci sama da 140,000, saboda an gano lahani biyu da kan haɗu a ƙwaya ɗaya: yagewar ɗan harshen ƙarfen da ke fitar da wuta, da naɗewar siririn shafin da ke raba ɓangarorin ƙwayar biyu. LG, wanda ya yi ƙwayoyin, ya yarda ya ɗauki har dala biliyan 1.9 na kuɗin gyaran. A shekarar dai Hyundai ya janye motoci kusan 82,000, yawancinsu Kona, don a sauya musu batir gaba ɗaya. Ba wanda ya ce wa masu motocin nan laifin rana ne.  

Maganar janareto ma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Wutar da ke fitowa daga janareto ko ta NEPA ba ta shiga batir kai tsaye. Tana bi ta cikin caja da ke jikin motar, wadda ke juya ta zuwa irin wutar da batir ke karɓa, kwamfutar batir kuma tana tsaye a ƙofa. Idan wuta ta yi rawa, ko babu wayar ƙasa mai kyau, abin da aka saba gani shi ne motar ta ƙi karɓar caji ko ta katse shi. In abin ya yi muni, cajar ce za ta ƙone. Da cajarka ce ta mutu, da na ce maka dila yana da abin kamawa, domin takardun garanti da yawa sun cire ɓarnar da wuta marar kyau ta jawo. Amma motarka tana karɓar caji. Wutar da ta ratsa ƙwayoyi duka a jere, ta yaya ta ƙyale kowa ta kama guda? Ka yi masa wannan tambayar, cikin mutunci, ka ji abin da zai ce.

Sai dai gaskiya ta sa in gaya maka akwai abu ɗaya da ke kwaikwayon wannan cuta alhali batir lafiyarsa ƙalau. Ka duba littafin motar ka ga wane irin batir gare ta. Idan an rubuta LFP, irin wanda yawancin motocin Sin ke zuwa da shi yanzu, kamar Blade na BYD, to ƙarfin wutarsa kusan ɗaya yake tun daga kashi 20 har zuwa 90, don haka kwamfutar takan ɓata lissafi idan an daɗe ba a cika shi ba. Mutane da yawa sun ji ana cewa kada a wuce kashi 80, suka riƙe, ba su san wannan shawara ta masu wani nau'in batir ne da ake kira NMC ba. Mai LFP ana so ya cika shi zuwa 100 akai-akai. Tesla ma cewa ya yi aƙalla sau ɗaya a mako. Ga mu kuma da wutar da ba ta zama: ka sa caji da dare, a ɗauke kafin asuba, mota ta yi wata biyu ba ta ga 100 ba. Saboda haka ka gwada wannan tukuna, ba ya cin komai. Ka sauke cajin ƙasa a cikin gari, kusa da gida, sannan ka sa caji a hankali ba tare da katsewa ba har ya kai 100 ya tsaya da kansa, ka bar wayar a jiki na ɗan lokaci. Ka maimaita sau biyu ko uku. Idan zubewar ta daina, alhamdu lillahi, lissafi ne ya ɓace. Idan ta dawo a daidai wurin da ta saba, ƙwaya ce.

Haka kuma mutane kan zo da kukan batir ya mutu, a duba a tarar ƙaramin batirin nan ne mai bolt 12, irin na kowace mota. Shi ke tayar da kwamfutoci, in ya yi sanyi motar ba za ta ko motsa ba, kuma zafinmu yana saurin cinye shi. A 2024 Hyundai da Kia sun janye motoci masu yawa saboda na'urar da ke caja wannan ƙaramin batir tana lalacewa. Naka bai yi kama da haka ba, na ambata ne don masu karatu.

Abin da zai raba gardama shi ne na'urar bincike. Ana jona ta a ƙarƙashin sitiyari, ba a buɗe komai, ba ta taɓa garanti. A allonta za ka ga layuka a tsaye, kowane layi rukuni ɗaya. A lafiyayyen batir kawunansu kusan daidai suke, bambancin bai wuce 'yan milibolt goma-goma ba (milibolt dubu ne ke yin bolt ɗaya). A batir mai ciwo za ka ga duk sun jeru, sai guda ɗaya can a tsakiya ya nutse ƙasa, sau da yawa na'urar ma ta canja masa launi. Ka tabbata an yi wannan awo lokacin da caji yake ƙasa, kusa da inda yake zubewa, domin a kashi 60 ko 70 mai raunin yakan ɓuya cikin sauran, a ce maka ba a ga komai ba. Wannan shi ne inda na fi ganin ana sallamar mutane hannu wofi. Ka nemi a ba ka abu uku a rubuce: lambobin matsalar da kwamfutar ta adana, ƙarfin wutar kowane rukuni, da adadin lafiyar batir da suke rubutawa SOH. Kuma ka ce kada a goge lambobin kafin a buga maka su a takarda. Wasu kanikawa da kyakkyawar niyya suke gogewa don fitilar gargaɗi ta mutu, ba su san shaidarka suka share ba.

Yanzu garantin kansa. Abin da aka fi bayarwa a duniya shi ne shekara 8 ko kilomita 160,000, duk wanda ya riga zuwa. A Sin mafi ƙaranci shekara 8 ne ko kilomita 120,000. A cikinsa akwai alkawari biyu da ya kamata ka rarrabe. Na farko na lahani ne: idan wani abu ya lalace saboda kayan aiki ko ƙira, za a gyara. Na biyu na tsufa ne: idan abin da batir ke iya ɗauka ya sauka ƙasa da wata iyaka, yawanci kashi 70 cikin 100, za a gyara ko a sauya. Tesla kashi 70 ya sa. Nissan a Leaf cewa ya yi in sandunan allo 12 suka sauka ƙasa da 9. Dalilin da ya sa na raba su shi ne, za a iya ce maka batirinka yana kashi tamanin da wani abu, bai kai a sauya ba. Amsarka ita ce ba kukan tsufa ka kawo ba. Mota mai wata bakwai da ke tsayawa a titi da kashi 30 a allo, alkawari na farko ne ya hau kanta, kuma ba shi da ruwa da kashi 70.

Zafi kuwa, in kamfani yana so ya cire shi daga garanti, da adadi yake rubutawa. Nissan ya rubuta barin mota a zafin da ya wuce digiri 49 fiye da awa 24. Tesla ya rubuta digiri 60 a littafin motarsa. Ko a tsakiyar Afrilu garin nan ba ya kwana a digiri 49. Ka buɗe taka takardar ka nemi wannan layi, ka ce dila ya nuna maka da yatsa inda aka ce zafin gari ya soke alkawari. Abubuwan da da gaske suke soke shi su ne buɗe batir, shiga ruwa mai zurfi, bugun ƙasan mota, barin ta da caji a sifili na tsawon lokaci, rashin kai ta duba a lokutan da aka ƙayyade, da kuma, a wasu kamfanoni, yin haya da motar da aka saya a matsayin ta gida. Bugun ƙasa shi na fi ji maka tsoro, da irin tudun rage gudu da ramukan hanyoyinmu. Kafin ka miƙa motar, ka kai ta gareji mai rami, ka shiga da fitila, ka ɗauki hoton ƙasan akwatin batir daga gaba har baya, da kwanan wata. Idan ƙarce ne kawai a fenti ko a farantin kariya, ba komai. Idan akwai lotsawa, gara ka sani tun kafin su gaya maka.

Amma Alhaji, inda gizo ke saƙar shi ne ta wace hanya motar ta shigo Najeriya. Kalmar sabuwa tana ruɗar mutane. Mota tana iya zuwa fil a leda, ba ta yi ko kilomita hamsin ba, amma an ƙera ta ne don kasuwar cikin Sin, wani ɗan kasuwa ya saye ta can ya loda a jirgin ruwa. Irin wannan garantin masana'anta yakan tsaya ne a ƙasar da aka yi ta dominta, bai biyo ta teku ba. Alamunta sanannu ne: allo da littafi da rubutun Sinanci, bakin caji irin na Sin da ake kira GB/T, babu katin garanti mai sunan wani kamfani a Najeriya. Idan taka ta wakilin da masana'anta ta naɗa ta shigo, to dilan nan ba shi ne mai yanke hukunci ba. Ka tsallake shi ka rubuta wa wakilin kai tsaye, da lambar shasi, da ranar saye, da kilomitar da ke kai, da bidiyon allo lokacin da cajin ke zubewa, ka nemi lambar ƙorafi. Idan kuwa ta bayan fage ta shigo, babu masana'antar da za ta aiko maka da batir, wanda ya karɓi kuɗinka shi ne abokin maganarka, kuma ina jin shi ya sa ya yi saurin ɗora wa rana laifi, domin daga aljihunsa abin zai fita. Ko a hakan ba ka rasa madafa ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ta ba mai saye haƙƙin samun kaya mai inganci, marar lahani, kuma hukumar da ke kula da dokar, FCCPC, tana karɓar ƙorafi. Duk abin da ya yi maka alkawari a rasit, ko a saƙon WhatsApp lokacin ciniki, ka adana shi. Mu nan mun saba da ciniki na amana, a yi musabaha a ce Allah ya sa albarka, kuma abu ne mai kyau. Sai dai batir shi ne mafi tsada a duk jikin motar nan, ba abin da za a bari a fatar baki ba ne. Daga yau duk maganar da kuka yi ta waya, ka bi ta da saƙo a rubuce: kamar yadda muka yi magana yau, ka ce kaza. In akwai dattijon da ya haɗa ku, ka sa shi a ciki tun yanzu.

Idan sun amsa, ga abin da za ka tarar don kada ranka ya ɓaci. Ba lallai su ba ka sabon batir ba. Yawancin takardu sun ba kamfani zaɓi: ya sauya ɓangaren da ya lalace kawai, ko ya sa wanda aka sabunta a masana'anta, muddin ƙarfinsa bai gaza wanda naka yake da shi kafin ya lalace ba. A motocin da aka manne ƙwayoyin kai tsaye a akwati ba tare da an kasa su ɓangare-ɓangare ba, sau da yawa dole a sauya duka. Garanti kuma yawanci ba ya komawa farko, ragowar shekarunka ne ke ci gaba. Sannan akwai jira. Batirin nan yana kai kilo 300 zuwa 500, kaya ne da dokar sufuri ta sa cikin masu haɗari, ta ruwa yake zuwa, ya sauka Legas, ya bi layin kwastan. Ka tambaya tun farko, a rubuce: wa zai biya ɗaukar motar zuwa Abuja ko Legas da dawo da ita, za a ba ka wata ka riƙa hawa, kuma yaushe ne wa'adi. Ɗaukar ma a kan babbar mota za a yi, ƙafafu huɗu a sama. Kada a ja ta da igiya, domin tayoyin da ke haɗe da injin lantarki in suna juyawa wuta suke haifarwa, su ƙona wani abin a ce kai ka jawo. Ranar karɓa kuma ka sa a sake jona na'urar a gabanka, ka ga layukan nan sun daidaita, a rubuta maka lambar batirin da aka sa da SOH ɗinsa.

Kafin a kai ga haka, ka ɗauki motar a matsayin marar lafiya. Ka bar zuwa Birnin Kebbi da ita, kada ta tsaya maka a daji bayan Bodinga da kashi 30 a allo. Ban da gwajin nan na cikawa da ranar awon na'ura, kada ka bari ta sauka ƙasa da kashi 40, kuma ka guji caji mai sauri. Idan batirin NMC ne, ka tsaya a 80. Ka ajiye ta a inuwa, amma a fili, nesa da ɗakunan kwana da janareto da jarkokin mai. Lokacin matsalar Bolt, General Motors da kansa ya ce wa mutane su riƙa ajiye motocin a waje, kada su bar su a caji cikin dare. Yawancin ƙwayoyi masu rauni ba sa kama wuta, raguwa kawai suke yi, amma daga waje ba ka iya bambance mai rauni da wadda wuta ta haɗe a cikinta. In ka ji wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadari, ko ƙara kamar ana tsiyayar iska, ko ka ga hayaƙi daga ƙasa, ka fitar da kowa daga wurin, ka kira 'yan kwana-kwana, ka gaya musu motar lantarki ce tun a waya. Ka kuma sa a hure ƙurar hunturu da ta toshe lagireton gaba, domin ta nan ruwan sanyaya batir ke fitar da zafinsa, kuma in sun tarar da shi a toshe za su samu abin faɗa. A hure da iska kawai, kada a sa ruwa mai ƙarfi a ƙasan motar. Idan ka samu takardar awon, ka turo mini hoton shafin da ke nuna ƙarfin wutar kowane rukuni da adadin cajin da aka yi awon a kai, in duba maka kafin ka rubuta wa wakilin.